Za a yi wa ƙanena gwajin ƙwaƙwalwa ido biyu kafin a toshe jijiya, wa ya san abin nan?

Ummu_Rayyan:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman wanda ya san abin nan ko ya taɓa gani don mu dai kanmu ya ɗaure. Ƙanena ne, shekarunsa 27, yana aiki a wani shagon kayan mota a Jidda, kwanakin baya ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki yana jijjiga irin ta farfaɗiya, mu kuma kaf gidanmu babu mai wannan ciwon. Aka kwashe shi zuwa ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, aka yi hoton kai, daga baya aka yi MRI, likita ya ce wasu jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe wuri guda a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa, wai AVM, kuma ya ce galibi da shi ake haihuwar mutum. Shawararsu za su zura siririn tiyo ta matsematsinsa har cikin kai su zuba wani gam ya toshe jijiyoyin. Wannan duk mun ji mun daure. Abin da ya tada hankalin Umma shi ne da ya ce ba za su sa shi barci ba, wai sai sun fara tura wani magani da zai kashe wurin na 'yan mintuna suna sa shi magana da ƙirga, in maganarsa ta sarƙe sai su fasa toshe wannan jijiyar. Umma ta ce ita fa ba za a yi gwaji da kan ɗanta ba. To dole ne sai an yi? In wurin ya mutu bai farfaɗo ba fa? Me zai hana su yi masa banj, wato allurar barcin tiyata, ya yi barcinsa su gama aikinsu?

Hajjo_Misfala:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Umma kam dole ta ji tsoro, uwa ce.

Abu_Hanan_Jarwal:
ni dai shawarata kar ku yi gaggawa yar uwa. yaro yana tafiya da kafarsa yana cin abinci yana sallah, sau daya ya fadi sai a ce za a zura masa abu cikin kwakwalwa? ga zamzam a kofar gidanku ku bashi, a yi masa rukiyya, ya sha maganin da suka rubuta ku ga abinda Allah zai yi

Bakano_Hindawiyya:
Babana an yi masa kastara ido biyu, wato zura tiyon nan ta jijiya, ta hannu ma suka shiga, yana kallon allon yana hira da su, washegari muka dawo gida. Wlh ba wani abu ba ne, ki kwantar wa Umma da hankali.

Mai_Ashia:
Malam Bakano ta zuciya aka yi wa Baba ko? Ƙofar shiga ce kawai iri ɗaya, amma aikin da ake yi a ciki ba ɗaya ba ne, kar mu sauƙaƙa mata abin da ba mai sauƙi ba. Ni a ɗakin kastara nake aiki a Riyad, ni ba likita ba ne, na'urar hoton nake riƙewa, amma abin a gabana ake yi.

Yaya Ummu Rayyan bari in miki bayani yadda za ki iya maimaita wa Umma. A ƙa'ida jini yana tahowa da ƙarfinsa ta jijiya mai kauri, sai ya ratsa ta wasu sirara ƙwarai inda ƙarfin ke raguwa nama ya ɗauki abin da zai ɗauka, sannan ya shiga jijiyar da ke mayar da shi zuciya. A wurin AVM waɗannan siraran babu su, jinin yana kwarara kai tsaye da ƙarfinsa cikin jijiyar komawa wadda bangonta bai da kauri, shi ya sa ake tsoron wata rana ta fashe. Shi curin kansa ba wani aiki yake yi wa mutum ba. Matsalar ita ce jijiyar da ke ba shi jini wani lokaci ita ce dai take ciyar da lafiyayyar ƙwaƙwalwar da ke gefensa ta wani ɗan reshe, kuma reshen ko a allo ba lallai ka gan shi ba saboda duk rinin da muke turawa don jijiyoyi su fito a hoto rugawa yake cikin curin. In aka zuba gam ya toshe har da reshen nan shi kenan, wurin ya rasa jini, gam kuma in ya shiga ya shiga, babu mai ciro shi. To shi ne kafin a zuba abin da ba ya fita ake fara tura abin da zai wuce da kansa, ta cikin tiyon nan dai kuma daga daidai inda za a zuba gam ɗin. Likita ya ce ɗaga hannu, matse yatsuna, ƙirga, mene ne wannan, yatsu nawa kake gani. In komai lafiya a zuba. In hannu ya saki ko baki ya karkace ko magana ta ɗauke sai a jira ya dawo, a ƙara tura tiyon gaba ya wuce reshen a sake gwadawa, ko a bar wannan jijiyar gaba ɗaya.

Lantarki_Sabil:
Wato irin namu kenan, kafin ka datse waya sai ka je allo ka kashe makunnin ka ga wane ɗaki ne ya ɗauke. In ɗakin maigida ne sai ka mayar ka nemi wata wayar 😅

Hajjo_Misfala:
Kai Lantarki ana maganar ciwo kana wasa. Amma dai na fi gane naka gaskiya

Dan_Maiwurno:
Assalam. Ni ɗalibin likitanci ne, daga Sudan yaƙi ya koro mu a 2023 yanzu ina Alƙahira. Wannan gwajin ba sabo ba ne, sunansa gwajin Wada. Wani likita ɗan Japan ne mai suna Juhn Wada ya fito da shi a 1949, daga baya ya koma Kanada. Ana tura maganin barci amital ta babbar jijiyar wuya sai rabin ƙwaƙwalwa ya yi barci rabi yana farke, da haka ake gane a wane ɓari magana take da tuna abu, musamman kafin a yi wa masu farfaɗiya tiyata. Sama da shekara 70 ana yi, don haka Umma ta daina ganin kamar da ɗanta za a fara.

Likitan_Banj:
Dan Maiwurno tarihinka daidai ne, amma wanda Yaya ta kwatanta ba shi ba ne, jikansa ne. Wada rabin ƙwaƙwalwa yake kwantarwa. Wannan kuwa sai an kai tiyon can ciki cikin jijiya ƙwaya ɗaya da ke shiga curin, maganin kuma ɗan kaɗan ne, iya yankin da jijiyar ke ciyarwa yake taɓawa. Kar a je a ce wa Umma za a kashe rabin kan ɗanta, sai mu rasa ta gaba ɗaya.

Yaya, ban ga hotunansa ba don haka ba zan ce a yi ko kar a yi ba, amma tambayarki ta tsakiya zan iya amsawa. Magungunan ba baƙi ba ne, su ne dai muke aiki da su kullum. Da amital ake yi, da ya yi wuyar samu wurare da yawa suka koma metohegzital ko furofofol, wannan farin maganin da muke sa mutane barci da shi a ɗakin tiyata. Wasu suna bin sa da lidoken, wanda likitan haƙori ke kashe dasashi da shi, dalili kuwa na farkon ƙwayoyin ƙwaƙwalwar yake kwantarwa, lidoken kuma yana kama har da zaren da ke ɗaukar saƙo daga wuri zuwa wuri, to in ka yi ɗaya ka bar ɗaya kana iya kuskure wani abu. Dukkansu jini ne ke wanke su, cikin mintuna kaɗan wurin ya dawo. Ba kashe nama suke ba. Haɗarin da ke cikin aikin nan daga tiyon ne da gam ɗin da ita kanta cutar, jijiya ta huje ko gudan jini ya tafi inda bai kamata ba ko curin ya zubar da jini bayan an taɓa shi. Maganin gwajin shi ne mafi ƙanƙanta a jerin abin da zan ji tsoro, duk da shi ma wani lokaci yana iya tada jijjiga ko ya rikita mutum na ɗan lokaci, kuma saboda haka muke zaune a kansa da kayanmu.

Bakatsinen_Karantina:
Ni an yi min. Ban so yin magana ba amma na ga ana ta zagaye. Nawa a dama yake kusa da wurin da ke motsa hannu, kuma nawa sai da ya zubar da jini aka gano shi. Gaskiya zafi babu sosai, allurar matsematsi ce kawai ta farko, sai in sun tura rinin nan ka ji ɗumi ya bi fuskarka da bayan ido. Abin da ya fi damuna kwanciyar ce, an ɗaure maka kai ba motsi, ɗakin sanyi ƙarara, hanci na ƙaiƙayi ba damar sosawa. Jijiya ta farko suka tura magani suka ce matse, na matse, suka zuba gam. Ta biyu kuwa suna turawa na ji hannuna na hagu ba nawa ba ne, ina ce masa tashi ya ƙi, wallahi a raina na ce shi kenan na shanye, na kama salati. Likitan ya ce kar ka damu zai dawo, kuma ya dawo ɗin, a hankali daga yatsu. Wannan jijiyar ba su taɓa ta ba, ragowar curin daga baya da haske aka yi masa, wanda suke kira Gamma Knife. Ga ni da hannun nake tuƙa abincina yanzu.

Ummu_Rayyan:
Allahu akbar. Malam Bakatsine Allah ya ƙara lafiya, na karanta wa Umma naka ta yi shiru

Yar_Gadarif:
Ba don in tsorata kowa ba amma dole in faɗa. Mijin yayata an yi masa a wata ƙasa, an yi gwajin ya ci, komai lafiya yana magana yana ƙirga, suka zuba gam, da ya fito gefen idonsa na dama ba ya gani har yau, in abu ya zo ta nan sai ya buge shi. To ina amfanin gwajin? Mu lokacin an nuna mana kamar in ya ci shi kenan an tsira.

Abu_Hanan_Jarwal:
kun ji ko. abinda nake fada kenan

Likitan_Banj:
Allah ya ba shi lafiya 'yar uwa, kuma gara da kika faɗa, don wannan ita ce maganar da nake so Yaya ta shiga da ita wurin likitansu. In gwajin ya nuna matsala, wannan gargaɗi ne mai ƙarfi, irin na Malam Bakatsine. In bai nuna komai ba, ba takardar garanti ba ce. Dalilan a fili suke. Curin yana zuƙar jini da gudu, sai ya zuƙe maganin duka ya wuce da shi bai ko leƙa ɗan reshen nan ba, mutum ya ci gwaji. Amma gam ba ruwa ba ne, da ya fara toshe curin gudun jinin sai ya ragu hanya ta canza, ragowar gam ɗin ya juyo baya ko ya shiga reshen da maganin bai shiga ba. Na biyu, abin da aka tambaya shi kaɗai aka gwada. In an ce matse hannu da ƙirga amma ba a duba gefen gani da kyau ba, to gani ba a gwada shi ba, kuma duba shi ga mutumin da ke kwance an ɗaure masa kai an ɗan ba shi maganin kwantar da hankali ba sauƙi ne da shi ba. Na uku, akwai abin da ke faruwa bayan an gama, kamar kumburi ko jijiyar komawa ta toshe jini ya taru, wannan babu gwajin da zai hango shi. Ban san wanne ne ya sami mijin yayarki ba. Akwai ma akasin haka, magani ya kwararo baya ya taɓa wurin da gam ba zai je ba, a fasa toshe jijiyar da da an toshe ta lafiya lau.

Sista_Madina:
To likita ai shi ya sa wurare da yawa yanzu ba sa yi ido biyu. Ni inda na yi aiki kusan duka banj ne gaba ɗaya. Musamman tunda Onyx ya zo, wannan baƙin ruwan da Amurka ta amince da shi a 2005, shi ba kamar tsohon gam ba ne da ke kamawa cikin daƙiƙu, a hankali ake tura shi a tsaya a sake turawa, jijiya ɗaya ta ci lokaci mai tsawo, wa zai iya kwanciya haka ko tari bai yi ba? Motsi kaɗan hoton ya lalace, tiyo kuma yana cikin jijiyar da ba ta kai tsinken ashana kauri ba. Ni a ganina mutum ya yi barci likita ya ga hoto tsaf ya fi a tsaya ana ƙirga ɗaya biyu uku. Kuma ko yana barci ana iya gwajin, ana manna masa wayoyi a kai da hannu da ƙafa na'ura tana aika saƙo tana karɓa, in an tura maganin layin ya faɗi an san akwai matsala.

Mai_Ashia:
Sista gaskiya ne, ni da nake kan hoton na fi kowa son majinyaci mai barci. Amma wayoyin nan motsi suke gani da jin taɓi. Magana fa? Babu na'urar da za ta gaya miki mai barci zai iya kiran sunan cokali in ya tashi. Ita kuma ta ce nasa a hagu yake.

Sista_Madina:
Hagu ai faɗi ne da shi. Ba ko'ina a hagu ne wurin magana ba. Kuma akwai MRI ɗin da ake sa mutum magana a cikin na'ura a ga inda ke aiki, a yi wannan tun kafin ranar mana

Likitan_Banj:
Ana yi kuma yana taimakawa, sai dai shi wannan hoton canjin gudun jini yake bi ya ce nan ne ke aiki, a gefen AVM kuwa gudun jinin da ma a birkice yake, to yana iya ɓata lissafi daidai inda aka fi buƙatarsa. Maganar gaskiya likitocin kansu ba su haɗu a kan abu ɗaya ba, akwai manyan cibiyoyi da ke yi ido biyu akwai manya da ba sa yi, kowa da hujjarsa. Ni abin da zan duba shi ne wanne ne hannun su waɗannan likitocin ya saba da shi.

Inna_Mansur:
ni tambayata daban ce. da wane yare za su tambaye shi? don kanwar mahaifiyata da aka kwantar da ita kwanaki in ta gaji ko ta tsorata larabcin guduwa yake sai hausa zalla, nas din kuma yan filifin ne da indiya, ita tana magana suna cewa ta rikice alhali lafiyarta kalau

Likitan_Banj:
Inna wannan tambayar ta fi duk wanda muka yi. Gwajin nan gaba ɗayansa a kan fahimtar juna yake tsaye, in mai tambaya bai san yadda mutum ke magana da lafiyarsa ba ta yaya zai gane ta canza? Shi ya sa ake yin tambayoyin tun kafin a tura komai, a ji yadda yake amsawa, a kwatanta da bayan magani. Kuma ga masu yare biyu an gani a tiyatar da ake yi ido biyu cewa wuraren yarukan suna haɗuwa amma ba lallai su zama ɗaya sak ba, ana iya taɓa wuri ɗaya ya sarƙe ɗayan ya tsira. Yaya ki gaya musu tun yanzu cewa yana Hausa yana Larabci, ku tambaya ko za a gwada duka biyun da kuma wa zai saurari Hausar. Kar ku bari sai ranar.

Mai_Ashia:
In za su yarda wani ya shiga sai ya sa rigar dalma mai nauyin nan, kuma mai ciki ba ta shiga. Wasu wuraren ma ba sa barin dangi sam, gara a nemi ma'aikaci Bahaushe a asibitin, a Makka da Jidda ba za a rasa ba.

Ummu_Rayyan:
Na gode ƙwarai jama'a. Na ɗauko takardar na duba. Girmansa santimita 3.5, sun rubuta bai taɓa zubar da jini ba, kuma akwai wani abu wai daraja ta 3. Larabci kam a nan aka haife shi ya fi ni ma, amma da Umma Hausa suke yi. Sannan na manta ban ce ba, bahago ne, ko wannan yana da wani tasiri?

Dan_Maiwurno:
Yana da shi sosai. Masu dama kusan 95 cikin 100 maganarsu a hagu take, bahagwai kuwa wajen 70 ne, sauran a dama ko an raba. To shi ba a da tabbas sai an duba. Darajar kuma ma'aunin Spetzler da Martin ne na 1986, daga 1 zuwa 5. Ƙasa da santi 3 maki 1, daga 3 zuwa 6 maki 2, sama da 6 maki 3, a ƙara 1 in yana wuri mai muhimmin aiki, a ƙara 1 in jininsa ta jijiyoyin can ciki yake komawa. Nasa 2 na girma da 1, ina zaton na wurin ne.

Amma tunda kin ce bai fashe ba akwai abin da ya kamata ku sani. An yi wani bincike ARUBA, ya fito a mujallar Lancet a 2014, mutum 223 masu AVM da bai fashe ba aka raba biyu, wasu magani kawai wasu aka taɓa curin. Cikin kamar wata 33 waɗanda aka bari kashi 10 cikin 100 suka sami shanyewar jiki ko mutuwa, waɗanda aka taɓa kusan kashi 31. Har sai da aka tsayar da ɗaukar mutane kafin lokaci.

Abu_Hanan_Jarwal:
Allahu akbar!! to ga turawan ma da kansu sun fada. tun farko me na ce? ku bar yaro

Likitan_Banj:
Alhaji a hankali, ba zamzam da gam aka gwada ba 🙂 Alƙaluman Dan Maiwurno daidai ne kuma hakkinsu ne su tambayi likitansu a kai kai tsaye. Amma likitocin tiyata sun yi ta sukan binciken, kuma ba duka sukan ne son kai ba. Wata 33 gajere ne. Haɗarin aiki a rana ɗaya ake biyansa, haɗarin bari kuwa kaɗan kaɗan ne, wajen 1 zuwa 3 cikin 100 kowace shekara, to mai shekara 60 da mai 27 ba lissafinsu ɗaya ba. Sannan da yawa a binciken gam kawai aka yi musu ko haske, waɗanda aka cire musu da tiyata ba su da yawa. An ƙara bin mutanen zuwa wajen wata 50 sakamakon bai juya ba, wannan ma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba.

Yaya ga abin da ni zan tambaya da ƙanena ne. Gam ɗin nan don me? Share fage ne kafin tiyata, ko rage girma ne kafin haske, ko suna ganin shi kaɗai zai rufe curin duka? Domin toshe rabi a bar rabi ba ya cire haɗarin fashewa, kuma gam shi kaɗai a kaɗan daga cikin mutane yake gamawa. In haske ne, shi sai ya ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya rufe, ya fi kamawa a ƙasa da santi 3, kuma akwai likitocin da ma ba sa son a sa gam kafinsa. Zama nawa za a yi? In gwajin ya nuna matsala a babbar jijiyar, mene ne shiri na biyu? Kuma likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da na haske sun zauna a kan hotunan ko mai kastara ne kaɗai ya yanke?

Bakano_Hindawiyya:
Duk wannan tamin ɗinsa, wato inshorar lafiya, zai ɗauka kuwa? Don tamin ɗin ma'aikatan shago kun san yadda yake. Ku fara neman muwafaƙa, wato amincewarsu, a rubuce kafin ku sa rana, kuma ku duba iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, kar ta ƙare a tsakiya

Ummu_Rayyan:
An tura musu muna jira. Kafilinsa dai, ubangidansa na aiki, mutumin kirki ne ya ce zai tsaya

Hajjo_Misfala:
Likita ita wannan ana gadonta ne? ina tunanin yaran gidan

Likitan_Banj:
Galibi a'a Hajiya. Sai in a dangi akwai masu yawan haɓo da jajayen ɗige-ɗige a leɓe da yatsu, wannan wata cuta ce ta gado da ke zuwa da irin curin nan, in akwai a gaya wa likita. Kafin nan kar ya yi wasa da maganin farfaɗiyar, kar ya tuƙa mota, kar ya hau tsani a shago, kar ya shiga teku.

Bakatsinen_Karantina:
Ƙari a kan na Sista, in baƙin ruwan nan Onyx suka sa masa kar ku tsorata da wari, kwana ɗaya biyu numfashinsa zai riƙa warin tafarnuwa, matata har tagogi ta buɗe. Kuma gashi ya ɗan zube min a gefe guda saboda hasken hoton, ya fito daga baya. Bayan an gama awanni za ka yi ƙafa a miƙe ba lanƙwasawa, sannan a kwana a inaya, ɗakin kulawa ta musamman, ana bin hawan jini.

Amma ni tun ɗazu ina jira wani ya tambaya, shi mai kan me ya ce? Umma ta ce, Yaya ta ce, Alhaji Abu Hanan ya ce. Shi ne fa zai kwanta a wurin, kuma gwajin nan in mutum bai yarda da shi a ransa ba ba zai yiwu ba, sai ya firgice a tsakiya.

Ummu_Rayyan:
Shi cewa ya yi ya fi son ido biyu, wai gara ya sha wuyar awa uku da ya tashi bai iya kiran sunan Umma ba. Amma ni na san shi, ko MRI ɗin sai da aka tsaya aka sake saboda ya kasa kwanciya, ga tari yana yi don yana ɗan shan shisha, Umma ba ta sani ba

Sista_Madina:
To kin gani. Wannan shi ne irin wanda nake cewa a sa shi barci

Mai_Ashia:
Ko kuma a raba, wasu suna yin zaman gwajin daban ido biyu ba tare da gam ba, a san jijiyoyin da ke da haɗari, ranar aiki a yi banj. Sai dai shiga biyu kenan, kuma ba lallai tiyon ya koma daidai inda ya tsaya a farko ba. Maganar shisha da MRI ɗin dai ku faɗa wa likitan banj, Umma ta jira a waje lokacin.

Abu_Hanan_Jarwal:
ni har yanzu ban ga dalilin taba abinda bai fashe ba. a kai hotunan wani asibitin a ji bakin wani likitan tukuna, ga jirgin sama, Riyad ba nisa

Likitan_Banj:
A nan kam ina tare da Alhaji, jin ra'ayi na biyu ba raini ba ne kuma tunda bai fashe ba akwai lokacin yin hakan. Ku karɓi hotunan kansu a CD, har da na kastarar in an yi, takardar rahoto kaɗai ba ta isa wani likita ya ce komai. Amma in ya ji ciwon kai mai tsanani farat ɗaya ko amai ko gefe ya saki, ba jiran mau'idin ganin likita, ku kira motar asibiti a 997 kai tsaye.

Ummu_Rayyan:
To na rubuta tambayoyin duka. Mau'idinmu ranar Lahadi ne. Malam Bakatsine Umma ta ce in ba damuwa tana so ta ji daga bakinka, zan maka magana ta gefe

Yar_Gadarif:
Ki ƙara da ta gani a cikin tambayoyin, ki ce su nuna miki yadda za su duba gefen ido yana kwance